Inda Kagdi Ta Koma

Sai da Hurbai ta ɗaga kai za ta ɗauko igiyar shanyar kifi sannan ta ga ƙusar da ke bayan ƙofa ba komai a jikinta. Tsohuwar komar mijinta ce ke rataye a wurin tun shekarar da yanar ido ta rufe masa gani, har gizo-gizo ya mai da ita gidan gado. Yau babu ita. Hurbai ta tsaya da hannu a sama, domin ta san inda koma take zuwa idan ta bar gida, kuma ba masallaci ba ne.

Jusab, mijin nata, bai taɓa mallakar jirgi ba. Da ƙafa ya yi sana'arsa kamar ubansa: ruwan tekun Kach ya janye ya bar fili iya ganin ido, shi kuma ya bi bayansa da koma a kafaɗa, ya tare kifin da ke biyo ruwan farko, ya juyo gida ruwa na lasar dugadugansa. Da idon ya tafi, sai ya zama haske da inuwa kawai yake bambancewa. Duk da haka bai daina ba, sai da ya faɗa wani kwari aka tsamo shi da ƙyar. A ranar ɗansu Kasam ya rantse a gaban jama'a cewa in ya sake ganin sawun ubansa a fili, a gado zai ɗaure shi. Kasam da tsawa yake son ubansa, bai iya wata hanyar ba.

Tun daga nan Jusab ya zama ɗan benci. In an idar da sallar asuba sai ya lallaba wurin mai shayi, ya zauna yana kurɓa daga faranti, yana gaya wa masu jirgi lokacin da ruwa zai dawo ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Ya rame, ya daina tsokana. Gurasar gero guda ɗaya ma sai Hurbai ta tsare shi yake gamawa.

Sannan wata rana, kafin azumin bana, ta zo ɗora abincin rana ta tarar da kagdi a gefen murhu.

Ƙumbar teku ce ita ma, mai marfi biyu kamar sauran, amma ba irin masu kaurin nan da ke zube a bakin gaɓa ba. Ɓawonta kamar takarda yake, shi ya sa aka sa mata wannan suna, don a harshensu kagdi na nufin mai kama da takarda. Hurbai ba ta bukatar a gaya mata daga ina ta fito. A shekarunsu na farko, kafin haihuwa da ciwon gwiwa su zaunar da ita, ita ke bin Jusab da kwando, kuma shi ya koya mata karanta fili da tafin ƙafa. Laka mai santsi tukuna, sai duwatsu masu yanka, sai wurin ƙumba mai kauri da ke tokarin ƙafa. In ka ji yashi ya yi tauri, wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashinka kamar ka taka ƙwai, to ka iso Farin Tudu. A nan kaɗai kagdi take. Farin Tudu kuwa wuri ne mai mutunci: yana da tsayi, ruwa ba ya hawansa da wuri, ga doron yashi da ya miƙe daga shi har kusa da gida. Ka sa rana a kuncinka na dama ka bi doron, ko idonka a rufe sai ka kai.

Ta ɗauki ƙumbar ta wanke, ta jefa a tsohon gwangwanin shayi, ba ta ce uffan ba. Shi ma bai ce ba. Ran nan ya ci gurasa biyu da albasa, har ya ce miyar kifinta ta fara tsufa kamar mai ita. Bayan 'yan kwanaki wata ta sake bayyana a gefen murhu, sannan wata. Ta san yana zuwa, ya san ta sani. Takan gaya wa kanta cewa ba komai, ai takawa kawai yake yi ya juyo tun ruwa bai yi tunanin dawowa ba. Maganar gaskiya, ta fi son ta zauna da maƙaryaci mai cin abinci a kan mai biyayya da ke bushewa a gabanta.

Amma wanda ya fita da koma ba takawa zai yi ya juyo ba. Tsayawa zai yi ya jira ruwa. Jiya kuma wata ya cika, yau babban ruwa ne, irin wanda ke shigowa kamar an koro shi.

Ta leƙa waje. Rana ta riga ta haura rumfunan shanya. Ta suri gwangwanin ta fita, mayafi a hannu.

Ta sami Kasam a bakin mashigi, inda jirage ke kwance a kan laka suna jiran ruwa. Yana tsugune a gindin nasa, hannu duk baƙin mai.

"Ammi, lafiya? Wa ya biyo ki?"

"Babanka ya shiga fili."

"Bapa yana wurin mai shayi. Yanzu haka yana can yana koya wa mutane abin da suka sani."

"Ba ya can. Ya ɗauki koma."

Ta buɗe gwangwanin ta miƙa masa. Ya dubi abin da ke ciki, ya dube ta. Kasam ba shi da saurin gane abin da ba ya so, amma wannan bai ɗauke shi lokaci ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Kika yi shiru."

"Na yi. Ajiye faɗan, ba inda za ni, za ka same ni a gida. Yanzu dai ka tashi a tafi Farin Tudu."

Ya goge hannu a wando ya ɗauki ɗaya. So yake abin ya zama ƙarya, ta ga haka a fuskarsa. "Waɗannan ai 'ya'yan ƙumba ne, Ammi. A bakin gaɓa ma ana tsintarsu. Wataƙila nan bayan masallaci yake zagawa ya ɗebo miki, ke kuma ki ɗauka ya ci yaƙi."

"Ɗaga ta ka kalli rana."

Ya ɗaga. Inuwar yatsansa ta fito ta cikin ɓawon.

"Wace 'yar ƙumba ce ake hango yatsa ta cikinta? Shafa bayan. Ka ji layukan sirara ne kamar haƙoran matsefi, ba irin manyan kunyoyin waccan ba. Buɗe ka ga cikin, wajen maɗaurin akwai ja-ja. To yanzu danna."

Ya danna da babban yatsa, ta ruguje.

"Gaya mini yadda wannan za ta biyo igiyar ruwa, ta ratsa duwatsu, ta iso bayan masallaci da marfinta biyu a haɗe. Gutsurenta ma ba ya isowa. Wanda ya kawo ta, a raye ya ciro ta daga yashi, ni na wanke naman da hannuna. Farin Tudu yake zuwa." Da ta faɗi haka sai ta ji ɗan sanyi a ranta, ta ci gaba da magana don sanyin ya ƙaru. "Kuma gara can. Ya san doron nan kamar yunwar cikinsa. Mutum biyu kawai za ka tura su tare shi a hanya."

Kasam bai tashi ba. Ya zuba wa ɓaraguzan da ke tafinsa ido.

"Ammi, yaushe rabonki da Farin Tudu?"

"Tun kana rarrafe. Me ya kawo wannan?"

"Babu shi."

"Kamar yaya babu shi? Tudu ne fa, ba akuya ba."

"Tun da aka yashe hanyar manyan jirage laka ta hau shi. Yanzu in ka shiga har gwiwa kake nutsewa, baƙa ƙirin, ga wari. Doron ma ya yanke. Ba kagdi ba, ko ƙaguwa ba ta zama a wurin. An yi shekaru."

"Babanka ya sani?"

Ya kau da kai. "Kullum sai ya tambaye ni, ya Farin Tudu? In ce yana nan, Bapa."

Suka dubi juna, uwa da ɗa, ba wanda ke da bakin yi wa wani faɗa. Sai Hurbai ta haɗa lissafi. In babu kagdi a Farin Tudu, to duk watannin nan wani wuri daban Jusab yake zuwa, yana taka ta yana cewa ya iso. Kuma yanzu haka yana can tsaye hankali kwance yana jiran ruwa, ya dogara da doron da babu shi a bayansa.

Kafin ka ce me maza sun taru, kowa da nasa. Mai shayi ya ce shi ya daɗe da lura ba kullum tsohon ke zuwa ba, sai dai ba a tambaye shi ba. Wani ya ce a bi sawu, aka tuna masa cewa sawun rabin gari ne a bakin fili. Wasu suka ce mutum inda ya nufa can yake zuwa, suka naɗe wando suka ruga Farin Tudu. Da Hurbai ta zagaya da gwangwanin tana tambayar inda kagdi take yanzu, kowa sai ya leƙa ya girgiza kai. Masu jirgi ne duka, ta samanta suke wucewa. Abin da ba a ci, ba a sayarwa, wa zai sunkuya ya duba?

Hurbai ta san mai sunkuyawa. A ƙarshen gari akwai Lakhi, tsohuwa 'yar ƙabilar Koli, wadda ke yawon tsintar ƙumba tana kai wa masu ƙonawa su yi farar ƙasa. Babu lungun da ƙafarta ba ta shiga ba a filin nan. Tun suna amare ita da Hurbai suke gaisawa da baƙar magana. Ta same ta zaune a gindin tulin ƙumbarta tana tsince ta, taba a baki.

"A'a, matar Jusab da gudu? Rabon da in ga gwiwoyin nan sun yi sauri tun ranar da aka yi rabon kananzir."

Hurbai ba ta rama ba. Ta juye gwangwanin a kan zanen Lakhi. "Ina ake samun wannan yanzu?"

Lakhi ta dubi fuskarta, ta ga yau ba ranar wasa ba ce, amma baki ya riga ya saba. "Wannan marar amfanin? Ki cika buhu da ita, mai farar ƙasa ya ɗaga da yatsa ɗaya ya yi miki dariya. Ni guje mata nake yi."

"To a ina kike guje mata?"

Lakhi ta ɗauki ɗaya, ta sa farce ta kankare cikin maɗaurin, ta murza abin da ya fito a tafinta. Ɗan yashi ne mai toka-toka.

"Wuri biyu na sani. Ɗaya can gefen tsibiri, sai da jirgi ake zuwa. Na can yashinsu fari ne, kuma sun fi waɗannan girma. Wannan ta sabon wuri ce. Kin san inda katangar tashar jirage ta ƙare? Gaba da nan, inda injin yasa ya yi ta tofar da yashi. Ya taru ya yi tudu. Da farko ba komai a kansa, can sai ga ta ta cika wurin. Ita yashi mai tsabta take bi, ba ruwanta da sunan wuri." Ta ɗago kai. "Wa ya kawo miki su?"

"Baban Kasam."

Lakhi ta cire tabar ta murje ta a ƙasa. "Ashe sawunsa nake gani. Ƙafa biyu da ramin sanda. Na ɗauka wani mai taɓin hankali ne."

Nan take Hurbai ta ga yadda aka yi. Katangar nan ta datse tsohuwar hanya. Jusab ya dafa ta ya bi har inda ta ƙare, sannan ya fuskanci teku yadda ya saba, ya yi ta tafiya har yashi ya yi tauri, har ya ji ƙaras. Abin da ubansa ya koya masa ya cika, me zai sa ya yi shakka?

"Akwai doro a bayansa?" in ji Hurbai.

"Ba shi da komai. Samansa kamar tsakar gida, sumul. Amma tsakaninsa da gaɓa kwari ne mai zurfi, da hanyar jirage ya haɗe. Ta nan ruwa yake fara zagayowa, ba ka ji ba ka gani, sai ka waiga ka ga kana tsibiri. Ni da idona biyu, ranar babban ruwa ba na bari rana ta kai can." Ta nuna sama da haɓa. Rana ta riga ta wuce inda ta nuna.

"In na bi ta katanga da ƙafa fa?" Kasam ne, ya biyo uwarsa ya tsaya a bayanta.

"Sai dai ka tsaya a wannan gefe kana kallonsa. Kwarin ya cika yanzu. Jirgi za ka ɗauka, ɗana."

Jirgi kuwa yana kwance a kan laka, kuma ba abin da zai ɗaga shi sai ruwan da ake tsoro.

Mazan da suka rage suka sa kafaɗa. Aka jera katakai a ƙarƙashinsa, aka yi ta turawa don a tarye ruwa a hanya, laka na tsotse ƙafafu, mutum ya ciro wannan waccan ta nutse. Hurbai ta tsaya a gefe tana kallon bakin mashigi. Can ta hango shi, wani siririn harshe mai kumfa yana lallaɓowa ta tsakiyar laka. Ta buɗe baki za ta yi addu'a ta rasa wadda za ta yi. Ta ce Allah ya kawo shi da sauri, sai ta tuna duk taƙin da ya ƙaru a nan ya ƙaru a jikin Jusab. Ta ce Allah ya tsai da shi, sai ta dubi jirgin a kwance kamar mataccen jaki. Sai ta riƙa kiran sunan Allah kawai, Shi ya san wadda take nufi.

Tsoro ya hana ta tsayuwa wuri ɗaya. Ta tuna da safe ta ji fitarsa, ta ji ya daɗe a bayan ƙofa, ta juya ta ja bargo. Ta tuna yadda jiya ya ce mata ya gaji da cin kifin wani, ta ɗauka tsokana ce, har ta ce masa to ya je ya kamo nasa.

Ruwa ya taɓa gindin jirgi, ya zagaye shi, jirgin ya motsa kamar mai farkawa. Lakhi ta haye gaba ba wanda ya gayyace ta. Abokin aikin Kasam ya shiga. Hurbai ta tattare zani ta kama gefe.

"Ammi, sauka."

"In ka isa ka sauke ni. Kai in ka je da tsawarka, tsayawa zai yi gardama da kai har ruwa ya kai masa wuya."

Ya ja igiyar inji.

Filin da ta sani da ƙafa ya zama ruwa mai launin shayi, ba ta gane komai. Suka bi gefen katanga, doguwa, ba ta ƙarewa. Duk wani baƙin abu da ke kan ruwa kan mutum ne a idonta, sai sun matsa ya zama turke, ko tsuntsu, ko tsohuwar jarka. Injin yana iya ƙoƙarinsa, amma ruwa shigowa yake su kuma fita suke, sai jirgin ya zama kamar a tsaye yake. Lakhi na ta ɗaga hannu, dama, hagu, Kasam na bi.

Lakhi ce ta fara ganinsa. "Ga shi can."

Tudun ya nutse gaba ɗaya. Jusab yana tsaye a tsakiyar ruwa shi kaɗai, ruwan ya kai masa cinya, koma a naɗe a kafaɗa. Ba a tsaye yake ba ma, tafiya yake. Ya miƙa sanda ya taɓa ƙasa, ya ɗaga ƙafa, ya sake miƙa sanda. Ya daidaita fuskarsa rana na dukan kuncinsa na dama, yana neman doro. A gabansa kaɗan ruwan ya sauya launi, ya yi duhu, yana gudu yana murɗawa. Ta cikin wannan kwarin jirginsu ya shigo, wato su ya nufo.

"Kashe injin," in ji Hurbai. "Ba zai ji ni ba."

Kasam ya kashe, abokin aikinsa ya jefa anga. Ta miƙe ta riƙe kafaɗar Lakhi.

"Baban Kasam, tsaya inda kake."

Ya tsaya, ya karkata kai. Sai fuskarsa ta washe. "Hurbai? Ke ce a kan doro? Na san yana wajen nan. Tsaya nan kada ki matso, ruwan yau ya yi rashin kunya. Ga ni nan zuwa."

Ya ɗaga ƙafa ya nufo muryarta.

Ita ta kira shi, kuma ita ke jawo shi rami. Sandarsa ta shiga ruwa ta rasa ƙasa, ya yi tangaɗi, ya ja da baya rabin taki, ya sake miƙa ta gefe.

"Kada ka taho! A jirgi nake. Babu doro a nan."

Kasam ya riga ya faɗa ruwa da igiya a ƙugu. Ruwan ya ja shi gefe, ya yi ta fama har ƙafarsa ta sami yashi, ya isa ya rungume ubansa ta baya kamar mai kama ɓarawo.

"Kai, sake ni. Waye? Kasam? Sake ni na ce. Kaucewa na ɗan yi, doron yana nan gaba kaɗan. Tun ba a haife ka ba nake bin sa."

Kasam mai tsawa ya ƙara ƙanƙame shi kawai, ruwa na hawa ƙugunsu.

Hurbai ce ta gaya masa. Ba ta ɗaga murya ba, jirgin ya matso kusa.

"Ba a Farin Tudu kake ba."

"Na taka kagdi. Da ƙafata na ji ta, da hannuna na ciro. Ke ma kin gani."

"Na gani. Ita ce, ba ka yi kuskure ba. Tashi ta yi daga can ta dawo nan."

Ruwa na kaɗa komar da ke kafaɗarsa, 'yan ƙananan kifaye na motsi a ciki. Ya daina turjewa. Da suka ɗaga shi zuwa cikin jirgi, Hurbai ta ji yadda ba shi da nauyi, ta yafa masa mayafinta. A lokacin ne hawaye suka zo mata, ta bar su, tunda ba gani zai yi ba.

Sun yi nisa a hanyar komawa kafin Jusab ya yi magana.

"Kasam."

"Na'am, Bapa."

"Farin Tudu fa?"

"Laka ta rufe shi, Bapa. Da daɗewa."

"Doron?"

"Shi ma."

Jusab ya gyaɗa kai a hankali. Bai tambayi dalilin da ya sa aka ɓoye masa ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo. "To wancan da nake zuwa, me ake kiransa?"

Kasam ya dubi Lakhi, Lakhi ta dubi ruwa.

"Ba shi da suna, yaya Jusab," in ji ta. "Sabo ne."

Suka shigo mashigi. Ruwa ya cika shi taf, jirgin ya je har bakin gaɓa, inda jama'a suka yi cincirindo ana ta hamdala, waɗanda suka ruga Farin Tudu sun dawo da laka har cinya. Kasam ya dira ya riƙe gefen jirgi. Lakhi ta sauka tana mitar buhun da ba ta cika ba yau. Hurbai ta sauka ta juya tana jiransa.

Jusab ya zuro ƙafa ɗaya ya taka yashin. A nan aka haife shi, a nan ya koyi tafiya. Ya murza yatsun ƙafarsa a ciki, ya daɗe yana murzawa, sannan ya janye ƙafar ya mayar cikin jirgi.

"Hurbai," ya ce a hankali, don kada mutane su ji. "Nan fa ina ne?"

"Gida ne."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya miƙo mata hannu, ya jira sai da ta kama sannan ya sauko.